A Yi Wa Matan Daura Bayanin Gwajin Sukari Kafin A Miƙa Musu Kofi

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan gwajin sukari da ake tura masu juna biyu su yi daga wajen awo, wanda ake shan ruwan gulukos. Ni tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin haihuwa ce a ƙasar Daura, kuma kwanan baya na raka ɗiyata wannan gwaji. A gabana wata ta zo da koko a cikinta, wata ta sha rabin kofi ta ajiye, wasu kuma aka ɗebi jininsu na farko suka ɗauki jaka suka tafi. Babu wadda ta yi haka don taurin kai. An dai ba su takarda an ce "ki zo ba ki ci komai ba", aka tsaya nan.

Ga yadda gwajin yake. Ana yin sa tsakanin mako na 24 da na 28, wato wata na shida zuwa shigar na bakwai. Mace za ta ci abincinta yadda ta saba a kwanakin da suka gabata, kada ta rage tuwo don sakamako ya yi kyau. Daga abincin dare ba za ta ƙara cin komai ba na aƙalla awa 8, sai ruwa zalla. Da safe a ɗebi jini, a ba ta garin gulukos giram 75 a narke cikin kofin ruwa, ta shanye cikin minti 5. A sake ɗiban jini bayan awa ɗaya, a kuma ɗiba bayan awa biyu. Tsakanin nan zama za ta yi, ba cin goro, ba zagaya kasuwa, domin tafiya na ƙona sukarin ta ɓoye gaskiyar lamari. Zaƙin yana hawa kai, wasu har tashin zuciya yake sa su. Wadda ta yi amai ta faɗa wa ma'aikata, a sa mata wata rana.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013 ta ce idan awon jinin farko ya kai 5.1, ko na awa ɗaya ya kai 10.0, ko na awa biyu ya kai 8.5, to akwai ciwon sukari na goyon ciki. Ɗaya daga cikin ukun ya isa. Shi ya sa wadda ta tafi bayan jinin farko ta yi asarar kuɗinta da yunwarta, don sau da yawa a na biyu ko na uku abin ke fitowa. Gwajin fitsarin da ake yi ranar awo ba ya maye gurbin wannan.

Me ya kawo wahalar duka? Idan ciki ya tsufa, mabiyiya na fitar da sinadaran da ke rage ƙarfin insulin, wanda shi ke kwashe sukari daga jini. Jikin yawancin mata yana ƙara yawan insulin ya daidaita, na wasu kuma ya gaza. Rarar sukarin sai ta tsallaka wurin jariri, ya yi ta ƙiba. Uwar kuwa galibi ba ta jin komai, in ma ta ji ƙishirwa da yawan fitsari sai a ce ai laulayin ciki ne.

A nan al'adarmu ke yaudarar mu. In an haifi jariri ƙato sai gida ya ɗauki guɗa, a ce uwar ta ci ta ƙoshi. Mu da muka karɓi haihuwa mun san abin da ke bayan ɗan da ya haura kilo 4: doguwar naƙuda, kai ya fito kafaɗa ta maƙale, ƙari mai tsanani, zubar jini, ko tiyatar gaggawa cikin dare. Shi kansa jaririn sukarinsa na iya faɗuwa sa'o'i kaɗan bayan haihuwa, wani ma ya koma tun yana ciki. Ga hawan jini da jijjiga da suka fi kusantar mai wannan lalura. Wadda ta taɓa haifar ɗa mai irin wannan nauyi, ko ta haifi ɗa ba rai ba a san dalili ba, ko iyayenta na da ciwon sukari, ko tana da ƙiba, ko ta wuce shekara 35, ya kamata ta nemi gwajin da bakinta tun awon farko.

'Yan uwana mata, sakamakon da ya nuna sukari ba hukuncin allura ba ne har abada. Da yawa gyaran ci ke wadatar da su: a rage malmalar tuwon masara da shinkafa, a daina zuba sukari a koko da fura, a bar lemun kwalba, a ƙara wake, zogale, rama, ƙwai da kifi, a ɗan taka bayan cin abinci. In hakan bai isa ba likita zai ba da ƙwaya ko insulin. Yawanci sukarin yana sauka bayan haihuwa, amma a koma a sake gwaji tsakanin mako 6 zuwa 12, wato da zarar an yi arba'in, domin wadda ta yi shi a ciki ta fi saurin kamuwa da ciwon sukari nan gaba.

Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina da hukumar kula da lafiya a matakin farko guda uku ne. Na ɗaya, a ware minti biyar a jawabin ranar awo a yi wannan bayani da Hausa, a kuma rubuta ranar gwaji a katin mace. Na biyu, a ba masu gwajin layinsu da sassafe. Macen da ta taso daga Baure ko Zango da ciki wata shida, rabonta da abinci tun bayan isha'i, bai dace ta kai azahar tana jiran jinin farko ba. Na uku, a wadata manyan cibiyoyin lafiya na Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa da garin gulukos da kwalaben jini masu maganin da ke hana sukari raguwa, don jinin da ya daɗe a ajiye cikin zafinmu awonsa sauka yake, a sallami mai ciwo a ce lafiya lau take.

Magidanta kuma, wannan safiyar taku ce: kuɗin mota, kuɗin gwaji, wanda zai riƙe yara, da abincin da za ta ci da zarar an gama. Ina kuma fatan fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, za ta sa hakimai da limamai su isar da wannan magana ga maza, domin a gidajenmu da yawa sai da izininsu da aljihunsu mace ke zuwa asibiti.

Allah ya sauki masu ciki lafiya. Wassalam.

Tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin haihuwa,
Daura, Jihar Katsina.