Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Magana A Kan Ƙauyen Kure

Maganarmu ta yau a kan wani ƙauye ne na ƙasar Nijar, sunansa Kure. Yana bisa hanyar mota wadda ta tashi daga Yamai ta nufi Doso, kimanin kilomita 60 daga Yamai, watau wajen mil 37. Mutanensa Zabarmawa ne manoma, da Fulani makiyaya a kewaye da su. Ƙauye ne kamar sauran ƙauyuka, gero da wake, rijiya da rumbu. Abu guda ne ya fitar da sunansa duniya, shi ne raƙumin dawa.

Dalilin da ya sa muka ɗauko labarin Kure shi ne akwai mas'ala a cikinsa wadda ta shafi kowane ƙaramin gari da baƙi ke zuwa kallo, abin da 'yan zamani ke kira yawon buɗe ido. Ga mas'alar a harshen kasuwa. Kuɗin da baƙo mai kallo ke kawowa riba ce. Uwar kuɗi kuwa ita ce ran ɗan gari, da gonarsa, da itacen dajinsa. Duk ɗan kasuwa ya sani wanda ya tsare uwar kuɗi, ko riba ta ɓace masa bana yana iya samu baɗi. Wanda ya bi riba ya sake uwa, ya rasa duka biyu.

Bari mu fara da asali. Shekaru ɗari da suka wuce, irin wannan raƙumin dawa mai hasken jiki yana yawo tun daga ƙasar Senegal har bakin Tafkin Cadi. Farauta ta ci shi, saran daji ya ƙuntata masa, farin shekarun 1970 da na 1980 ya ƙarasa saura. A shekarar 1996, da aka ƙidaya, guda 49 kaɗai suka rage a duniya, dukansu a kewayen Kure. Sa'an nan hukuma ta tsananta hana kashe shi, masana suka zo, mutanen ƙauyuka suka yi haƙuri da shi. Dabba ce mai jinkirin yaɗuwa, gama macen takan yi wata 15 da ciki, ta haifi ɗa guda. Duk da haka, kafin shekarar 2018 adadinsu ya haura 600.

Abin lura a nan shi ne ba a kewaye waɗannan dabbobi da waya ba, ba a kuma tashi kowa daga gidansa dominsu ba. Tare suke zaune da mutane. Da damina suna kan tudu wajen Kure, suna cin ganyen geza da sauran itatuwan fako. In rani ya yi sai su gangara kwarin da ake kira Dallol Boso, inda gawo yake, domin kowa ya san halin gawo, da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore. Watau hanyarsu ta shekara ta ratsa gonakin talakawa ne, tafiya da dawowa.

Da labari ya bazu, sai baƙi suka fara zuwa, yawancinsu Turawa masu aiki a Yamai, su fito da safe ranar hutu, su koma kafin la'asar. Samarin ƙauye suka kafa ƙungiyar 'yan jagora, mutum ya shiga motar baƙo ya kai shi inda dabbobin suke, a biya shi ladansa. Ƙungiyoyin kare dabbar suka haƙa rijiyoyi, suka ba mata ƙananan rance na sana'a. Wannan fa'ida ce ta gaskiya, ba mai musunta sai wanda bai san zafin rani a ƙauye ba.

Amma kowace riba da ɗawainiyarta, sai a tambaya wa ke ɗaukar ɗawainiyar. Raƙumin dawa ba ya damuwa da gero ƙwarai, amma yana son wake, yana son mangwaro. Dabbar da tsawonta ya kai mita biyar, wane shinge zai tare ta? Yakan shiga gona da dare ya cinye waken da manomi ya sa ransa a kai, har harawar da aka ɗora bisa itace don ajiyar rani ba ta tsira ba, gama inda akuya ba ta kai ba shi nan ne daidai bakinsa. Manomin nan doka ta ɗaure hannunsa, ba shi da ikon ɗana tarko ko harbi. Kuma sau da yawa wanda aka ci wakensa dabam, wanda ya karɓi ladan jagora dabam.

Malamai sun san hukuncin da ke cikin Risala game da ɓarnar dabbobi: abin da suka ɓata na shuka da dare, lamuninsa yana kan masu su, domin tsaron dare nasu ne. To, raƙumin dawa ba shi da makiyayi. Amma akwai wanda ya ce kada a taɓa shi, ya kuma sa hotonsa a takardun kiran baƙi, yana alfahari da shi gaban ƙasashen duniya. A ganinmu wanda ya yi haka ya tsaya a matsayin mai dabba, ramuwar ɓarna kuwa ta hau kansa. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Ba fatawa muke bayarwa ba, mun ajiye mas'alar ne gaban masu ilmi su duba ko ƙiyasin ya zauna. Abin da hankali ya yarda da shi dai, bai kamata a ce matalaucin manomi shi kaɗai ke ciyar da dukiyar da ake cewa ta duniya ce baki ɗaya ba.

Wannan ta fuskar dukiya ke nan. Ta fuskar rai kuwa al'amarin ya fi nauyi. Ranar Lahadi, 9 ga watan Agusta na shekarar 2020, wasu 'yan bindiga bisa babura suka tare wata mota a dajin Kure, suka kashe mutum takwas, suka ƙone motar. Shida Faransawa ne, samari da 'yan mata ma'aikatan wata ƙungiyar agaji mai suna ACTED, sun fito kallo. Biyu 'yan Nijar ne, direban motar da ɗan jagoran, wanda shi ne shugaban ƙungiyar 'yan jagora ta Kure. Bayan 'yan makonni ƙungiyar nan da ake kira IS ta ce aikinta ne. Ba sai an tsawaita wa malamai bayani ba a kan girman laifin kashe baƙon da ya shigo ƙasa da aminci, balle ɗan gari da ya fito neman abincin iyalinsa. Allah ya kiyashe mu da irin wannan ta'asa.

A duba abin da ya biyo baya. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Faransa ta gargaɗi mutanenta kada su taka ko'ina a Nijar in ba birnin Yamai ba. Hukumar Nijar ta rufe dajin ga masu kallo, ta shimfiɗa dokar ta-ɓaci a gundumar Kollo, inda Kure take. Riba ta ɗauke rana ɗaya kamar an hure fitila. Baƙi suka koma ƙasashensu, ba wanda zai zarge su. Ɗan jagora kuwa ina za shi? Yana nan, da iyalinsa, da tsoron da aka bar masa. Raƙumin dawa ma yana nan, bai san an rufe daji ba, yana cin wake kamar da. Ashe gaskiyar mutanen da ce, baƙo raɓa, ɗan gari kaba: hantsi na yi raɓa ta bushe, kaba kuwa tana nan rani da damina.

Kada a ce ƙaddarar Kure ce ita kaɗai. A arewacin Kamaru, da aka sace iyalin Faransawa mutum bakwai kusa da dajin Waza a watan Fabrairu na 2013, ko da yake an sako su bayan wata biyu, masu masauki da 'yan jagora na yankin sun ga kasuwarsu ta mutu. A nan gida ma, bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934, ya tsaya bayan na 2009, ba a sake yin sa ba sai 2020. Mai zuwa kallo ba lalura ta kawo shi ba. Falke yakan shiga hanya mai haɗari domin abincinsa yana can, mai neman ilmi yakan jure wuya domin karatu, amma mai kallo da ya ji ƙishin-ƙishin sai ya juya akalarsa wata ƙasa.

Wani zai ce, to, tun da haka ne a bar sha'anin baƙin nan gaba ɗaya, a kore dabbar a huta. Wannan gaggawa ce. Riba ba abin ƙi ba ce, rijiyoyin da aka haƙa ana shan ruwansu, kuma dajin da ke riƙe da raƙumin dawa shi ne ke tare iska da zaizayar ƙasa daga gonaki, shi ne kiwon awaki, shi ne magani. In gatarin masu kai itacen wuta Yamai ya gama da shi, dabbar za ta ɓace, amma manomi zai riga ta kuka.

Wani kuma zai ce magani ai sauƙi ne, a haɗa kowace motar baƙi da motar soja. Fatake sun fi kowa sanin amsar wannan. A zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, madugu yana da 'yan baka a ayarinsa, amma ba su ne suke kai shi lafiya ba. Abin da ke kai shi lafiya shi ne garuruwan da ke kan hanya suna zaune, sarkin kowane gari ya karɓi fito ya ɗauki amana, mai masauki ya san wanda ya kwana a zango, manomi ya ga baƙuwar fuska ya kai labari. Inda ɗan gari ke kwana da ido ɗaya, rakiyar awa uku ba ta sa wuri ya zama amintacce. Amincin baƙo reshe ne na amincin mai gida. Har ma wani tsaron yakan ƙara wa talaka nauyi: da aka hana hawan babur a sassa da yawa na jihar Tilaberi tun daga Janairun 2020, an yi ne don a toshe wa 'yan bindiga hanya, amma mai kai mara lafiya asibiti da mai kai kaya kasuwa su ma sun sha wuya.

Saboda haka ga shawararmu, ga Kure da duk garin da ya yi kama da ita.

Ga hukuma: a fara tsaro daga mazauna, dare da rana, ko da baƙo ko babu. A kuma kafa hanya bayyananna ta biyan ɓarna, wadda ba ta rataya ga kuɗin masu kallo ba, domin dabba ba ta daina ci ranar da baƙi suka daina zuwa.

Ga masu gari da dattawa: abin da ya shigo ta hanyar baƙi a fitar da kason gari a bainar jama'a, a san nawa ne, a san inda ya tafi, wanda aka yi wa ɓarna ya zama na farko a layi. Kuɗin da aka raba a ɗaka shi ke haifar da gaba a waje, gari mai gaba kuwa shi ɓarawo ke samun ɗan rakiya a cikinsa.

Ga samari da masu gona: jagora sana'ar rani ce, kada ta raba mutum da fartanya. Kuma kada ganin motoci ya sa a sayar da gonar gado ga mai kuɗin birni da ke son gina masauki. Kuɗin yakan ƙare cikin shekara, gona kuwa ba ta dawowa. In lalura ta tilasta, haya ta fi sayarwa. A Nijar tun 1993 akwai dokar ƙasar karkara wadda ta kafa kwamitocin filaye masu ba da takardar shaida; a je gare su. A nan malamai suna da aiki babba, gama su ake kira rubuta ciniki da rabon gado: a rubuta iyaka, a rubuta wa'adi, a sa shaidu, a tabbatar magada mata da marayu sun sani.

Ga 'yan kasuwa: wanda zai zuba dukiya a irin wannan wuri ya gina abin da ɗan gari ma zai saya, kamar injin niƙa, ko shagon magani, ko motar kasuwa. In baƙo ya zo, ƙari ne. In bai zo ba, ciniki bai tsaya ba.

Maganar nan ta matso kusa da mu. A watan Nuwamba na 2018 an ɗauki raƙuman dawa takwas daga yankin Kure, aka yi tafiyar kilomita wajen 800 da su a mota zuwa dajin Gadabeji, a gundumar Dakwaro ta jihar Maraɗi, inda irinsu ya ɓace kusan shekara 50 kafin nan. In sun yaɗu, wata rana masu kallo za su bi su can, mutanen wurin kuma za su fuskanci tambayoyin da Kure ta fuskanta: wa zai biya ɓarna, wa zai ci riba, wa zai tsare rai. Gara a amsa su tun yanzu, a rubuce, gaban sarakuna da malamai da makiyaya, tun baƙon farko bai sauka ba.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya tsare matafiyi da mazauni. Haza wasalam.