Kada Ka Fara da Allon Hoda

Hunturuna na uku ke nan a Sapporo, babban birnin tsibirin Hokkaido a arewacin Japan, inda karatu ya kawo ni. A kusurwar ɗakina akwai allunan zamiya kan dusar ƙanƙara guda biyu. Ɗaya ya sha wuya, duk jikinsa karce ne. Ɗayan kuwa har yanzu yana sheƙi, domin bara sau huɗu kacal na hau shi, alhali shi na fara saya kuma shi ya fi tsada.

Abin da ya ruɗe ni hoda ce. Haka masu wasan ke kiran sabuwar dusa mai laushi, wadda ba a taka ba. Iskar sanyi kan taso daga Siberiya, ta ɗebi danshi a Tekun Japan, ta zo ta juye shi a duwatsun Hokkaido, busasshe kamar garin da aka tankaɗe. A Niseko, gefen dutsen Annupuri mai tsayin mita 1,308, mutum kan nutse har ƙugu a watan Janairu. Saboda ita ake tururuwa daga Ostireliya da Turai.

Allon hoda, wato mai sheƙin nan, don irin wannan dusa kaɗai aka ƙera shi. Goshinsa faffaɗa ne, a ɗage sama, wutsiyarsa siririya, wani ma a tsage kamar ta tsattsewa. Maɗaurin ƙafa a can baya yake, saboda haka wutsiya na nutsewa goshi na tasowa, kai kuwa kana yawo a sama kamar kwalekwale. A can Niseko ne Taro Tamai yake ƙera nasa masu suna Gentemstick, waɗanda wasu ke ratayewa a bango don kyau kawai. Ban musa ba, ranar da dusa ta kwana tana zuba, babu abin da ya kai shi daɗi. Na taɓa saukowa tsakanin bishiyoyi da sassafe, ba na jin ƙarar komai sai numfashina, har yau ina tuna wannan safiya.

To amma sau nawa ake samun irin wannan safiya? Ni ɗalibi ne, Asabar da Lahadi kawai nake da su, dusa kuwa ba ta san ranakun mako ba. In ta zuba daren Talata, kafin in iso an tattake ta, motocin daddaɓe hanya sun bi ta kai, rana ta narkar da sama-sama, sanyin dare ya mayar da ita kamar daɓen siminti. Ko ka dace da ranar, kafin hantsi wuraren da ke kusa da kujerun hawa sun zama kunya-kunya kamar gonar dawa.

A irin wannan ƙasa mai tauri na gane kurena, a Teine, dutsen da ke gefen Sapporo inda aka yi wasu wasannin Olamfik na hunturu a 1972. Faɗin allon ya sa juya shi daga gefe zuwa gefe sai da ƙarfi, guntuwar wutsiyar ba ta riƙe ni ba, na tafi da baya na sha ƙasa a gaban yara 'yan firamare. Wani dattijo ya tsaya ya ɗaga ni, ya dubi allon, ya ce allo ne mai kyau, sai dai ba na yau ba ne. Ban ga laifin maƙerinsa ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Allon gama-gari, wato mai karcen nan, ba ya burge kowa a shago. Gaba da baya kusan ɗaya ne, tsakiyarsa a ɗan gantsare kamar baka, shi ya sa bakin ƙarfen gefensa ke cizon ƙanƙara idan ka danna. Yana bin hanyar da aka daddaɓe, yana jure gargada, kana iya sauka da kowace ƙafa a gaba, kuma da shi ake koyon juyi na ƙwarai. Masu kare allon hoda za su ce a dusa mai zurfi goshinsa na nutsewa, cinyar baya ta yi ta zafi don kana ta jingina baya. Gaskiya ne. Maganinsa sukundireba: ka mayar da maɗaurin ƙafa baya da santimita biyu ko uku, rabin wahalar ta tafi. In abin ya fi haka, shagunan gindin dutse suna ba da hayar allon hoda na yini guda.

Wanda gidansa ke gindin dutse, wanda zai iya ajiye aiki ya fita da asuba duk ranar da aka wayi gari da sabuwar dusa, ya sayi allon hoda, kuɗinsa ba su faɗi ba. Ni dai na manna takardar sayar da nawa a allon sanarwar ɗakin kwanan ɗalibai tun makon jiya. Jiya wani sabon zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofata yana tambayar farashi, na tambaye shi ko ya taɓa hawa dutse, ya ce bana zai fara. Na hana shi, na ba shi aron mai karcen.