Aljihun Majinyaci, Amanar Wa?

Ɗan kasuwar da bensikin ya kaɗe a bakin Kasuwar Kongo, aka kwashe shi a sume zuwa Laquintinie ko asibitin New Bell, ba ya cikin halin ƙidaya abin da ke aljihunsa. Akwai waya, akwai katin shaida, ga kuma cinikin yini guda. Kafin dangi su iso, rigar ta bi hannuwa da dama, tun daga bakin titi. In abu ya ɓata, wa za a tambaya?

Ba zargin ma'aikatan jinya muke yi ba. Rashin rubutu yana jefa mai gaskiyarsu ma cikin tuhuma. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan a babin ajiya. A Risala, wanda ya karɓi ajiya gaban shaidu ba a gaskata shi cewa ya mayar sai da shaidu. Faransa kuwa ta yi doka a 1992 wadda ta ɗora wa asibiti alhakin kayan da aka damƙa masa, har da na wanda aka kawo ba ya cikin hayyacinsa.

Mu a nan, mun saba barin komai ga mai jinya, wanda shi ma barci ke sacewa a kan tabarma. Roƙonmu ga shugabannin asibitocin Douala shi ne littafin ajiya a ɗakin gaggawa: a rubuta kaya ɗaya bayan ɗaya, mutum biyu su sa hannu, a ba dangi takarda. Kafin nan, uwar gida ta cire 'yan kunnen zinariya tun daga gida in za ta haihuwa.