SHARHI: Littafin Bashi Ya Koma Cikin Waya, Ina Ya Kamata 'Yan Kasuwar Agege Su Ajiye Shi?

Tun daga lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Legas ta isa Ibadan a 1901, daga baya kuma ta dangana da Kano, garin Agege ya zama zangon fataken Arewa masu sayen goro su yi gida da shi, da masu sauko da dabbobi zuwa Kurmi. Har yau jikokinsu na nan suna harka a mayankar Oko-Oba, da kasuwar Mile 12, da Alaba Rago, kuma har yau mafi yawan wannan ciniki bisa bashi da amana yake tafiya. Mahauci ya ɗauki sa yau ya biya bayan kwanaki, dillali ya tsaya masa, mai dabba kuma yana can Arewa yana jiran kuɗinsa. Saboda haka babban jarin irin wannan ɗan kasuwa shi ne littafin da ke nuna wa yake bi, wa kuma ke binsa.

Abin da ya sake a 'yan shekarun nan shi ne wurin da littafin yake kwana. A da babban littafi ne mai bangon kwali, wanda malamin shago ke rubutawa da boko ko da ajami, a kulle shi cikin akwatin ƙarfe. Yanzu kuwa lissafin ya watsu cikin wayar hannu da kwamfuta: hoton takardar lodi, shaidar biyan kuɗi ta banki, saƙon murya na WhatsApp inda aka yi ciniki aka sallama, da jadawalin da yaron shago ke cikawa. Waya kuwa aba ce da ake fizgewa a tashar mota, tana faɗawa cikin ruwa, tana kuma mutuwa ba tare da sallama ba. Ranar da haka ta faru, bashin miliyoyin naira zai koma maganar fatar baki, mai gaskiya ya biya, maras gaskiya ya ce bai san zancen ba.

Hanyoyi biyu ne masu sayar da kayan kwamfuta ke tallata wa 'yan kasuwa don magance wannan matsala. Ta farko ita ce rumbun intanet, wanda masana ke kira gajimare, wato mutum ya kama hayar wurin ajiya a manyan kwamfutocin kamfanoni irin su Google da Microsoft da Apple da Dropbox, fayilolinsa su riƙa hawa can ta intanet. Ta biyu ita ce akwatin ajiya na gida, wanda 'yan kasuwar Computer Village ta Ikeja ke kira NAS. Ƙaramar na'ura ce mai ɗauke da faifan ajiya biyu ko fiye, ana haɗa ta da na'urar rarraba intanet ta shago ko ta gida, duk wayoyi da kwamfutocin da ke wurin su riƙa zuba kayansu a ciki. Kamfanoni irin su Synology da QNAP ne suka yi fice wajen ƙera ta.

Babban alherin rumbun intanet shi ne nisa. Idan ba a manta ba, a watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano, kuma a cikin watan ne rikici ya sa gwamnatin Jihar Legas ta rufe kasuwar Mile 12 na wani lokaci. Kasuwar Balogun da ke tsibirin Legas ita ma ta sha gobara, ciki har da ta watan Nuwamba na 2019. A irin waɗannan lokuta, duk abin da ke ƙarƙashin rufin shago, kaya ne ko littafi ko kwamfuta, makomarsu ɗaya. Wanda lissafinsa ke rumbun intanet kuwa, da ya sayi wata waya ya shigar da kalmar sirrinsa, lissafin zai dawo masa. Bugu da ƙari, wakilinsa da ke lodin albasa a Aliero ko tumatir a Kadawa yana iya ganin jadawali ɗaya da wanda ke shago a Agege, a lokaci guda. Farawa kuma ba ta da tsada, domin Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, Apple da Microsoft kuma gigabait 5 kowannensu, kuma gigabait 15 ya isa ya ɗauki hotunan dubban shafukan littafi.

Sai dai kuma masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ranar 14 ga watan Maris na 2024 wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku, wato WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar ƙasar Kwaddebuwa, harkar intanet ta tsinke a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har wasu bankunan Nijeriya suka kasa yi wa jama'a aiki yadda suka saba. Kafin wannan, a watan Satumba na 2021, an rufe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya, da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Waɗannan yankuna ne da dabbobi da hatsi ke fitowa. Duk ɗan kasuwar da ya dogara ga intanet kaɗai don ganin lissafinsa, a irin waɗannan ranaku ya zama tamkar wanda aka kulle wa sito aka tafi da mabuɗi.

Akwai kuma batun biyan kuɗin haya. Da zarar wurin kyauta ya cika, sai biya wata-wata, kuma tun daga farkon 2024 kwafin WhatsApp na wayoyin Android yana cin wurinsa ne daga cikin gigabait 15 ɗin nan na Google. A 2022 bankuna da yawa sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka hana gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka sake buɗewa. A watan Janairu na 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Amma abin da ya fi duk waɗannan haɗari shi ne mabuɗin asusun. Sau da yawa mai gyaran waya ne ko yaron shago ya buɗe wa Alhaji adireshin imel, shi ya san kalmar sirri, wataƙila ma lambar wayarsa ya sa. Idan yaron ya bar aiki, ko aka rufe layin kamar yadda aka rufe waɗanda ba a haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa ba a 2024, to mai dukiya ba shi da hanyar shiga rumbunsa. Google ma ya sanar cewa daga watan Disamba na 2023 yana iya share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Akwatin ajiya na gida ba shi da waɗannan matsaloli. Sau ɗaya ake sayensa, ba ya bukatar data kafin wayoyin cikin shago su zuba masa kaya, yana da sauri, kuma sirrin ciniki bai bar hannun mai shi ba. Idan aka sa masa faifai biyu masu kwafar juna, ko ɗaya ya mutu ɗayan na nan. Ga mai babban kanti da ke da ma'aikata da yawa da na'urar ɗaukar hoton tsaro, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin ɗora irin waɗannan hotuna kan intanet kullum zai cinye kuɗin data masu yawa.

Amma shi ma da nasa aibin. Na farko, daga waje ake shigo da shi, kuma dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin watan Yuni na 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, farashin faifai ya bi ta. Na biyu, na'ura ce da ba ta son ɗaukewar wuta ba zato, alhali babban layin wutar lantarki na ƙasa ya faɗi sau da dama a 2024 kaɗai. Wutar da take ci ba ta kai ta ƙwan fitila irin na da ba, amma tilas a haɗa ta da batir ko sola, a kuma tsare ta daga zafi da ƙura da hawan wuta. Na uku, tana bukatar mai kula da ita. A watan Yuni na 2021 masu kutse sun share akwatunan My Book Live na kamfanin Western Digital a ƙasashe da dama ta intanet, kuma na'urori ne da kamfanin ya daɗe da daina sabunta manhajarsu. A watan Janairu na 2022 wasu suka kulle dubban akwatunan QNAP suna neman kuɗin fansa. Na huɗu, wanda shi ne mafi girma, akwatin yana kwana ne a inda kayan shago ke kwana. Gobarar da ta ci buhu za ta ci shi, ɓarawon da ya fasa ƙofa ba zai bar shi ba.

Har ila yau akwai kuskure guda da masu amfani da hanyoyin biyu ke yawan yi, wato ɗaukar daidaita fayil a matsayin ajiya. Daidaitawa aikin madubi ne: abin da ke waya shi ke kwamfuta, shi ke rumbu. Idan yaro ya goge jadawalin bashi bisa kuskure, ko ya sauya wani adadi da gangan, nan take sauyin zai bi ko'ina. Google na riƙe abin da aka goge kwana 30 ne a kwandon shara, bayan haka ya tafi, kuma ɗan kasuwar da ke duba tsohon bashi sau ɗaya a wata uku ba zai farga da wuri ba. Ajiya ta gaskiya ita ce kwafin da aka ɗauka a wata rana sananniya, aka ware shi gefe, inda hannun da ke aiki kullum ba ya kaiwa. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba, domin a watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar ajiya ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma masu hayar da ba su da kwafi a wani wuri sun yi asarar kayansu har abada.

Bisa ga wannan, ra'ayin da ya fi dacewa da halin da 'yan kasuwar Agege ke ciki shi ne kada a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya. Masana harkar sun daɗe da ƙa'idar kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a nesa. Ga ƙaramin ɗan kasuwa, mai tebur ko mai shago ɗaya, sayen akwatin NAS ɓarnar jari ce. Abin da ya kamace shi shi ne rumbun intanet wanda aka buɗe da sunansa da lambar wayarsa, ya rubuta kalmar sirri a takarda ya adana inda yake adana takardun gida, sannan ya sayi ƙaramin faifai, a riƙa kwafe lissafi a kai kowane mako, ya tafi da shi gida. Ga babban dillali mai wakilai a Arewa da ma'aikata a Legas kuwa, akwatin gida ya cancanci kuɗinsa, amma da sharaɗin a saita shi ya riƙa tura kwafin muhimman takardu kowane dare zuwa rumbun intanet, ko zuwa wani akwatin a reshensa na Kano ko Sakkwato. Kowannensu kuma ya riƙa gwada buɗe kwafin lokaci-lokaci, domin an sha zuwa ɗaukar ajiya a tarar faifan ya daɗe da mutuwa.

Wasu 'yan kasuwa za su ce suna gudun rumbun intanet ne don kada baƙo ko jami'in haraji ya ga sirrin cinikinsu. Damuwar tana da tushe, amma tana da magani, domin ana iya kulle fayil da kalmar sirri kafin a ɗora shi, ta yadda ko mai rumbun ba zai iya karantawa ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin tsare su, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani mai rajista ya adana littattafan lissafinsa shekara shida. Ga Musulmi kuwa, rubuta bashi umurni ne da ya zo a aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara. Rubutun da ba a tsare ba, ba zai yi amfanin da aka yi shi dominsa ba ranar da gardama ta tashi a gaban shugaban kasuwa ko alƙali.

Daga ƙarshe, akwai aiki a gaban hukumomi da shugabanni. Cibiyoyin ajiya na cikin gida suna ƙaruwa, kamar Rack Centre da ke Oregun a Ikeja, da cibiyar MainOne ta Lekki wadda kamfanin Equinix na Amurka ya saya a 2022, da wadda MTN ya buɗe a Ikeja a 2025. Ya kamata waɗannan kamfanoni su fito da ƙananan tsare-tsare da ake biya da naira, tare da bayani cikin Hausa da Yarbanci, domin ɗan kasuwar da ke Agege, tafiyar 'yan mintoci daga Ikeja, ya amfana da su. Ƙungiyoyin dillalan shanu da na goro da na kayan gwari, tare da fadar Sarkin Hausawan Agege, su ma ya dace su shirya wa malaman shaguna horo na kwana ɗaya ko biyu kan yadda ake ɗaukar kwafi da yadda ake dawo da shi, su kuma sa batun cikin abin da ake tunatar da 'ya'yan ƙungiya kafin shigowar hunturu, lokacin da gobarar kasuwanni ta fi yawa.