Dutse Mafarin Birni: Tsokaci a Kan Raina Mutanen Tsauni

Ya zama al'ada ga mutanen birni su dubi mazauna kan duwatsu da idon raini, har ma a kan ji ana kiransu "arnan dutse", watau waɗanda wayewa ba ta kai gare su ba. Wannan magana ba ta da tushe, domin duk wanda ya bi diddigin tarihi zai tarar cewa manyan biranen Hausa kansu a gindin duwatsu suka tsiro.

Kano ita ce babbar shaida. Tarihin Kano ya nuna cewa kafin zuwan Bagauda, wanda ake ƙiyasta sarautarsa daga shekarar 999, akwai jama'a zaune kewaye da Dutsen Dala ƙarƙashin Barbushe, suna bauta wa Tsumburbura. Binciken masu tonon ƙasa kuwa ya nuna ana narkar da tama a wajen tun cikin ƙarni na 7. Haka Zazzau take da Turunku da Kufena, Zamfara kuma da Kwatarkwashi. Farfesa Abdullahi Smith ya jawo hankalin masana ga wannan al'amari tun a shekarar 1970. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ruwan da ya gangaro daga dutse yakan taru a gindinsa, ƙasar wurin ta yi albarka, ga mafaka ranar yaƙi, ga shi kuma mutanen dauri sun ɗauki dutse mazaunin iskoki. Ashe dutse shi ne ganuwar farko, tun kafin Sarki Gijimasu ya fara gina ta ƙasa.

Sa'an nan kuma, hawa dutse dabara ce ta tsira da 'yanci. Ƙarfin sarakunan fili yana ga dawaki, doki kuwa ba ya sukuwa a tsakanin duwatsu. Saboda haka ne wajen shekarar 1846 Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano suka shiga duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauransu, suka gagari Kano da Bauchi har zuwan Turawa. Waɗannan malamai ne Hausawa masu allo da tawada, amma da wuya ta yi wuya, dutse suka nufa. A tsaunukan Mandara ma haka abin yake. Littafin da Hamman Yaji na Madagali ya riƙa rubuta al'amuransa na yau da kullum, daga 1912 zuwa 1927, cike yake da labarin hare-haren kama bayi a kan mutanen tsauni. Wanda ake farauta haka, ina laifinsa don ya ƙi saukowa?

Bugu da ƙari, ƙuncin wuri ya koya musu hikimar da mutumin fili bai buƙata ba. Mutanen Sukur sun jera duwatsu hawa-hawa a jikin tsauni domin su tare ƙasa da ruwa su yi noma, sun shimfiɗa hanyoyi da dutse har zuwa fadar sarkinsu, Hidi, sun kuma shahara da narkar da ƙarfe. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne kuwa na farko a Nijeriya. Baƙi daga nesa sun ga darajar abin da maƙwabta suke rainawa.

Ga ɗalibin Hausa kuwa akwai wani dalili da ya fi waɗannan kusa. Fili yakan haɗa harshe, domin fatauci da auratayya suna tafiya ba shamaki, shi ya sa Bakano da Bakatsine suke fahimtar juna. Dutse kuwa yakan raba, har a sami ƙauyuka biyu suna hangen juna kowane da harshensa. Da yawa daga cikin harsunan nan, kamar Angas da Ron na Filato da Warji na ƙasar Ningi, 'yan'uwan Hausa ne na jini a cikin dangin harsunan Cadi. A cikinsu ne ake samun abin kwatantawa idan ana neman asalin kalmomin Hausa da ginin nahawunta. Abin baƙin ciki shi ne, ƙanana daga cikinsu suna ɓacewa, Hausa ce kuma take haɗiye su, yayin da yara suke tasowa ba su iya maganar kakanninsu ba.

Saboda haka ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su riƙa tura ɗalibai zuwa waɗannan wurare, su ɗauko kalmomi da tatsuniyoyi da tarihin baka tun dattawan suna raye. Ya kuma kamata hukuma ta tsare duwatsun tarihi daga masu fasa su da nakiya da masu cusa gine-gine a jikinsu. Hausawa sun ce tushiya masomin dawa. Wanda ya raina mutumin dutse, ya fara ɗaga kai ya dubi Dala tukuna.