Ganga Ɗaya, Haɗari Biyu

Masana da suka tsara ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na jigilar kaya masu haɗari sun kasa kayan gida tara, suka ba masu tururin nukiliya aji na 7, masu rura wuta aji na 5, masu cin fata da ƙarfe aji na 8, kana suka wajabta cewa duk kayan da ya tara illa biyu, to, a bayyana dukkansu a jikin ganga da cikin takardar direba. Ina ganin wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi girman amana a cikin babin, kuma shi ne wanda aka fi gafala da shi, domin da zarar ido ya faɗa kan tambarin nukiliya sai hankali ya tattara can, a manta da abin da ke dahuwa a ƙasan murfi.

Hujjata tana jihar Niyu Meziko ta Amurka. A ɗakin binciken Los Alamos an cika ganguna da sharar nukiliya mai gishirin naitiret, dangin wanda ake haɗa albarushi da shi, kuma domin a tsotse danshinta aka zuba mata irin garin da ake shimfiɗa wa kyanwa ta yi bahaya, sai dai maimakon na yumɓu, wanda ba ya ci da wuta, aka sa wanda aka yi da alkama. Ta haka aka haɗa makamashi da mai rura shi a mazubi ɗaya, aka ɗora a mota, aka ratsa garuruwa da shi har ramin gishiri na WIPP, inda ake binne irin wannan shara kusa da Karlsbad, alhali takardun ba su faɗi haƙiƙanin abin da ke ciki ba. Ranar 14 ga Fabrairu 2014 ganga ɗaya ta fashe a ƙarƙashin ƙasa, burbushi ya taɓa ma'aikata sama da 20, wurin bai koma karɓar shara ba sai 2017. Da a kan hanya ta fashe, Allah Ya kiyaye, da 'yan kwana-kwana sun tunkare ta da ilmin rabin haɗarinta.

Mu ma maganar ta shafe mu, don shekaru da dama motocin garin yuraniyom na Arlit sun riƙa bi ta Tawa da Doso zuwa Kwatano, kuma garin yuraniyom ɗin, ban da tururinsa, guba ne ga ƙoda. Saboda haka nake roƙon hukumomi su tilasta wa mai cika ganga ya rubuta duk abin da ya zuba, a sa wani masani dabam ya tabbatar kafin a rufe murfi, a kuma karantar da direba da jandarman hanya ma'anar tambari na biyu da harshen da suke ji.