Zancen Gida: Baƙon da Ya Zama Ɗan Gida, da Takardunsa

A nan wajenmu Mahuta an karye masara, ana sussukar waken soya, auduga kuma ta yi fari fat a gonaki, motocin Funtuwa da na Malumfashi sai kai da kawowa suke yi. Lokacin da kuɗi ke shiga hannun manomi ke nan, shi ne kuma lokacin da ake shirin tafiye-tafiyen ƙarshen shekara. Saboda haka a wannan wata mun jingine zancen tarbiyyar yara da muka faro, domin mu yi magana a kan wani abu da ya sa wani gida kuka a bara.

Ba za mu faɗi sunan gidan ba. Maigidan ɗan ƙasar nan ne, uwargidan kuwa mutuniyar Kamaru ce, sun haɗu a wurin karatu. Shekararta 19 a cikinmu. Hausa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya, 'ya'yanta biyar, ita ce ma'ajin zumuntar mata. Ba wanda yake tunawa cewa baƙuwa ce, har ita kanta ta manta. Ran nan sai aka bugo waya daga Yawunde, aka ce mahaifiyarta tana kwance rai a hannun Allah. Maigida ya sayar da buhunan masara tun farashi bai tashi ba, ya saya mata tikitin jirgin sama, ya raka ta har filin jirgi. A nan jami'in shige da fice ya duba takardunta, ya ce, "Uwargida, katinki na izinin zama ya mutu shekara huɗu ke nan. Fasfonki ma saura wata biyu." Jirgi ya tashi ya bar ta. Kafin a daidaita takardu mako uku ya wuce. Ta isa gida an riga an yi jana'iza.

Jami'in bai yi laifi ba, aikinsa ya yi. Mu ma da muke zaune da ita shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa tambayarta ko takardunta suna da rai. Don haka muka je muka yi tambaya, ga abin da muka samo.

Wane ne baƙo a idon doka?

A wurinmu wanda ya daɗe a gari ya zama ɗan gari. A wurin doka ba haka ba ne. Ko mutum ya yi shekara 40 a Nijeriya, ya yi gida da gona da jikoki, muddin bai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba, baƙo ne, da izini yake zaune. Masu ba da izinin su ne Hukumar Shige da Fice, wadda aka cire daga aikin 'yan sanda a 1958. Dokar da take aiki da ita yanzu ita ce ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 1963.

Baƙi iri biyu ne. Na fari su ne 'yan ƙasashen ƙungiyar ECOWAS, kamar Gana da Togo da Binin da Saliyo. An kafa ƙungiyar a Legas a 1975, a 1979 kuma aka yi yarjejeniya cewa ɗan wata ƙasa a cikinta zai iya shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90. A lura, kwana 90 aka ce, ba a ce har abada ba. Wanda zai zauna dindindin sai ya nemi katin zama na ECOWAS. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ran 29 ga Janairu 2025. A lokacin ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin mutanensu har zuwa wata sanarwa, amma 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suke zaune a cikinmu su riƙa tambaya kafin kowace tafiya.

Na biyu su ne dukan sauran mutanen duniya. Kamaru da Cadi suna cikin wannan kashi, ko da yake muna iyaka da su, gama ba su cikin ECOWAS. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Irin waɗannan baƙi katin da ake kira CERPAC suke riƙewa, wanda aka fara bayarwa a 2002. Shi ne izinin zama, shi ne kuma katin shaidar baƙo. Yana da ranar mutuwa a rubuce a jikinsa, ba ya sabunta kansa.

Abin da ya sake

Waɗanda suka yi zamani da Turawan mishan za su tuna cewa dā kafin Bature ya tafi hutu, sai an buga masa bizar sake shigowa, in ba haka ba ba zai iya komowa bakin aikinsa ba. An soke wannan a 2015. Yanzu katin zama mai rai tare da fasfo mai rai sun isa mutum ya fita ya dawo. Sauƙi ne ƙwarai, amma ya ɗora dukan nauyi a kan katin. In ya mutu kana waje, kai da sabon baƙo ɗaya kuke, sai ka nemi biza kafin ka komo ɗakinka.

A 2025 kuma aka mai da yawancin aikin ta intanet. Daga 1 ga Mayu na shekarar, katin sauka da katin fita da baƙo yake cikawa sun koma ta waya ko kwamfuta, ana cika su tun kafin a isa filin jirgi. A shekarar nan dai Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya sanar da tarar dala 15 a kowace rana ga baƙon da ya wuce wa'adinsa, da hana shigowa na shekaru ga wanda ya daɗe da wucewa. Ku yi lissafi: dala 15 sau kwana 365, dala 5,475 ke nan a shekara guda. Rumbu nawa za a fasa kafin a biya wannan?

Kafin a sayi tikiti

A shimfiɗa takardu a kan tabarma a duba waɗannan ɗaya ɗaya, tun ba a taɓa kuɗin masara ba.

1. Fasfo. Ƙasashe da yawa ba su karɓar wanda ya rage ƙasa da wata shida ya mutu. Ofishin jakadancin ƙasar baƙon ne yake sabunta shi, ba hukumar Nijeriya ba, yakan kuma ɗauki lokaci.

2. Katin zama. Ranar mutuwarsa ta wuce ranar dawowa da tazara mai kyau, gama mai zuwa jiyya ko makoki bai san ranar da zai komo ba.

3. Suna. Yadda aka rubuta shi a fasfo, haka za a rubuta a tikiti, harafi da harafi. Matar da fasfonta yake da sunan mahaifinta kada a saya mata tikiti da sunan mijinta.

4. Katin rigakafin cutar shawara, wato rawayan katin nan. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har iyakar rai, amma katin sai an nuna shi.

5. Yara. Bisa ga sashe na 25 na tsarin mulkin 1999, yaron da uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan Nijeriya ne, ko a waje aka haife shi. A yi masa fasfon Nijeriya nasa. In zai tafi da uwa kaɗai, uban ya ba da wasiƙar yarda da sa hannunsa.

A yi hoton kowace takarda sau biyu, ɗaya a jakar matafiyi, ɗaya a akwati a gida, nesa da gara da ɗigar ruwa.

Maigida, da kai muke

Izinin zaman matar da aka auro daga wata ƙasa a kan mijinta yake tsaye. Kai ne za ka rubuta wa hukuma wasiƙa cewa ka ɗauki nauyinta, ka haɗa da hoton fasfonka da takardar aurenku. Takardar auren kuwa ta doka ake nema. Ba kowace majami'a ce take da lasin ɗaura aure irin na doka ba, saboda haka ka tambayi fastonku ko takardar da ke hannunka ta rajista ce. Kada ka ce sai an jima. In Ubangiji ya kira ka, gwauruwarka za ta shiga neman takardu da hawaye a ido, wanda zai sa mata hannu kuwa ba ya nan.

Akwai ma hanyar da za ta huta gaba ɗaya. Sashe na 26 na tsarin mulki ya ba matar da ta auri ɗan Nijeriya damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Wannan sashe bai haɗa da namijin da ya auri 'yar Nijeriya ba. Shi sai ya bi ta sashe na 27, wanda yake neman zaman shekara 15. Amma a yi shawara tukuna, gama wasu ƙasashe ba su yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba. Dokar Kamaru ta 1968 tana cikin irin waɗannan.

'Ya'yanmu na ƙetare

Tsabar kuɗi fuska biyu gare ta. 'Ya'yanmu da suke zaune a Amurka da Ingila su ma baƙi ne a can. Mai riƙe da koren katin Amurka in ya wuce shekara guda a waje, katin ba zai shigar da shi ba, sai in ya nemi takardar izinin komowa tun yana can kafin ya taso, ita kuwa iyakarta shekara biyu. A Ingila izinin zaman dindindin yakan mutu in mutum ya yi shekara biyu a jere ba ya ƙasar. Iyaye, in ɗanku ya zo jiyyarku ya ce lokacin komawarsa ya yi, kada ku ce ya raina gida. Ku sa masa albarka ya tafi, domin ya sami ikon sake zuwa.

A bi ta ƙofa

A bakin kowane ofis akwai masu cewa, "Kawo kuɗi in yi maka a kwana biyu." Mun san wani da ya ba irin wannan mutum kuɗin bijimi guda, aka kawo masa kati mai ƙyalli, ashe jabu ne. Takardar jabu ta fi rashin takarda muni, gama laifi ce da take kai mutum kurkuku. Toshiyar baki kuwa ba ta dace da mai bi ba, ko mai bayarwa ko mai karɓa. A je ofishin hukumar na jiha a birnin Katsina, a biya abin da doka ta ce ta hanyar da doka ta ce, a karɓi rasit. Ku karanta Nehemiya sura 2. Mutumin Allah ne, aikin Allah kuma zai tafi yi, duk da haka sai da ya roƙi sarki wasiƙu zuwa ga masu mulkin ƙasashen da zai ratsa. Addu'a ya yi, takarda kuma ya nema.

Tsofaffinmu ba su manta Janairun 1983 ba, sa'ad da gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Mutane wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana. Waɗanda aka zauna da su lafiya, malaman makaranta da teloli da magina, suka ɗaure kaya a ka. Ba mu fatan ganin irin wannan rana kuma, amma in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ga roƙonmu ga dattawan kowace ekklesiya. Ku zaɓi mutum ɗaya mai karatu da riƙon amana, ya zagaya gidajen da suke da baƙo, ya rubuta ranar mutuwar fasfo da ta katin kowa a littafi, ya riƙa tuna musu wata uku kafin lokaci. Mu a nan mun fara. Uwargidan da muka ba ku labarinta ita ce take riƙe da littafin, ta kuwa riga ta sami gida biyu da takardunsu suka mutu ba su sani ba.

Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu koma kan zancen tarbiyyar yara. Ku huta lafiya.